Ƙanwata ta daina magana, ina zan kai ta?

Yar_Nima: Salam yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ƙanwata shekararta 15, wani maƙwabcinmu ya yi mata fyaɗe shekaranjiya, tun ranar ba ta cin abinci sai ta zauna bayan ƙofa tana murza bakin mayafinta, ko koko da safe ba ta taɓawa. Kawu ya ce a rufa asiri a sasanta wajen mai unguwa kar Zango ta ji. Ni dai zuciyata ba ta yarda ba.

Hajiya_Mamobi: Innalillahi. 'Yata ki kai ta asibiti yau yau, maganin kariya daga HIV sai cikin awa 72 yake aiki, kuma akwai na hana ciki. Kayan da ta sa ranar kar ki wanke, ki nannaɗe a takarda, ba leda ba.

Abu_Aboabo: Ki je DOVVSU, sashen yan sanda ne na irin wannan, za su ba ki fom likita ya cike. Ki riƙe ɗan kuɗi don wasu likitoci suna caji kafin su sa hannu. Wanda ya yi wa yarinya ƙasa da shekara 16 haka, a dokar Ghana ɗauri ne shekara 7 zuwa 25, ba maganar mai unguwa ba ce sam, Kawu ya yi haƙuri.

Maman_Sadiya: Ni ya faru da ni, abin da ya fi min ciwo tambayar "me ya kai ki ɗakinsa?" Kar ki matsa mata ta ba da labari, ki ce mata kin yarda da ita, ki kwana kusa da ita.

Yar_Nima: Na gode, Allah ya saka. Mun hau trotro yanzu, Umma ma ta biyo mu.