"Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki": nan ne wurin faɗinsa?

Uwargida daga Rigasa: Jama'a ku raba mana gardama. Mun taso daga Tudun Wada mun koma gidanmu a Rigasa, yau kwana 12. Kajina shida, huɗu suna cikin yin ƙwai muka ɗauko su, tun ranar ko ɗaya ban tsinta ba. Surukata ta ce in sayar ko in yanka, wai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ban iya musa mata ba, amma zuciyata ba ta kwanta da karin maganar ba.

Malamin Hausa, Unguwar Sarki: Hajiya, Inna ba ta yi kuskure ba. Ma'anarsa ɗan abin da ka riƙe ya fi babba wanda kake sa rai. Kuɗin kaza yau tabbas ne, ƙwan gobe kuwa alkawari.

Ɗan Kawo: Allah gafarta Malam, ai a nan an juya shi. A karin maganar ƙwai ne ke hannu, kaza ce ake hange. Ita Hajiya kazar ce a hannunta, ƙwan take jira! In za a bi kalmomin, sai dai a ce kaza a tukunya ta fi ƙwai a ciki.

Malamin Hausa, Unguwar Sarki: Ɗan nan, ba a auna karin magana da mudun kalma. Ana faɗa wa mai bin bashi shi, kuma babu kaza a zancensa.

Mai kiwo a Mando: Ni ba gwanin Hausa ba ne, amma kaji na sani. Malam, tambayar ita ce ko ƙwan nan alkawarin banza ne, kuma ba haka ba ne. Kaza dabba ce mai tsananin sabo. An cusa ta a kwando, an jijjiga ta a Keke, an sauke ta inda ba ta san maɓoya ba, ba ta san inda ruwa yake ba. Tsoro kan sa jikinta ya dakatar da sakin gwaiduwa, alhali ƙwai ɗaya ma sai ya ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala. Yawanci cikin 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni suke dawowa. Hajiya, ki duba abu uku. Ruwa tukuna, domin kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, kuma ƙishin yini ɗaya ya isa ya tsayar da su. Sai abinci: a tsohon gida suna tone-tone a bola da makwararar ruwa, a sabo wataƙila daɓen siminti ne sai tsabar dusa. Sannan haske. In kin kulle su a ɗaki mai duhu don kada su ɓata, kin hana su da kanki.

Uwargida daga Rigasa: Wallahi a shagon da ba a gama ba na zuba su, ko taga ba a fasa ba.

Mai kiwo a Mando: To kin ji. Masu gona har ƙwan lantarki suke kunna wa irin su Shika Brown, wadda aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, don hasken ya kai awa 14 zuwa 16. Na gida ba sa buƙatar wannan gata, rana ta ishe su. Ki ɗaure musu ƙafa da tsumma a inuwar tsakar gida kwana biyu uku yadda iyayenmu ke yi wa baƙuwar kaza, ki aje kasko da ɗan ciyayi a lungu. In kin sake su ki riƙa leƙa bayan bulo, sukan canja wurin yi.

Goggo daga Kabala: Ni dai na ce a bar kaza cikin gashinta.

Ɗan Kawo: Goggo, wannan na rufin asiri ne, ba na kiwo ba.

Goggo daga Kabala: Na sani, ɗana. Da surukarta nake. Mace ta tare sabon gida, baƙi na zuwa ganin ɗaki, kai ka ɗauka ƙwai ne damuwar tsohuwa? Nama take so a fita kunyar baƙi, ta rasa ta inda za ta ɓullo.

Malamin Hausa, Unguwar Sarki: In haka ne, wanda ya kamata ta jawo shi ne sabo da kaza ba ya hana yanka. Amma ban janye ba, na farkon ma ya zauna.

Uwargida daga Rigasa: Goggo kamar kina gidan. Na dawo daga kasuwa ɗazu na tarar Inna ta sa an yanka wake-waken, ita ce mafi ƙiba. Da na buɗe cikin sai ga gwaiduwa jere, manya da ƙanana. Na nuna mata, ta ce in zuba su a miya kada su lalace. Sauran biyar ɗin na fito da su tsakar gida.