Tebur na uku: dole ne ko wahalar banza?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Ina rubuta wa wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari manhajar lissafi da Django, kayan aikin gina manhajojin yanar gizo. Ciniki ɗaya yana ɗauke da kaya iri-iri, kaya ɗaya kuma yana shiga ciniki da yawa. Na haɗa teburin ciniki da teburin kaya a rumbun bayanai da ManyToManyField, hanyar Django ta yin irin wannan haɗi, shi ke nan. Ni a ganina gina tebur na uku da hannu wahalar banza ce, tunda Django da kansa yake yin sa a ɓoye.

'Yar Gwale: Wa alaikumus salam. Yana yi, amma me ke cikinsa? Lambar ciniki da lambar kaya kawai. To turmi nawa aka saya, a ina za ka rubuta?

Ɗan Fagge: Yaya, in turmi uku ne sai in saka kayan sau uku.

'Yar Gwale: Gwada ka gani, layi ɗaya za ka tarar. Teburin nan ba ya karɓar maimaici.

Na Kurna: Ku yi masa adalci. Haɗa atamfa da launukanta ba ya buƙatar komai a tsakani. Na ga samari suna tara tebura har su kasa karanta aikinsu.

Malam na Hotoro: Launi daban, ciniki daban, ɗana. Abin da ya fi damuna farashi ne. A Kwari kuɗin kaya dala yake bi, ga tayi: dillali daga Zinder da matar da ta zo sayen turmi ɗaya ba kuɗi ɗaya suke biya ba. In rasit yana karanto farashi daga teburin kaya, ranar da Alhaji ya ƙara kuɗi duk tsofaffin rasitai sun canza, har da bashin bara. Adadi da farashin ranar na wannan haɗuwar ne, dalilin through ke nan, wato ka gina tebur na ukun da kanka ka nuna wa Django shi. Kuma ka sa PROTECT, wanda ke hana goge kayan da ke cikin wani ciniki. Ni na taɓa barin CASCADE, mai goge duk layin da ke haɗe da abin da aka goge, yaron shago ya goge kayan da suka ƙare, layukan bashi suka bi su. Kwana biyu muna kwafa daga littafi.

Na Kurna: Na yarda da batun farashi, Malam. Sai dai ya tuna da prefetch_related, mai ɗauko kayan duk rasitai a lokaci ɗaya, in ba haka ba rasit 100 tambaya 101 ce ga rumbun bayanai.

Ɗan Fagge: To amma an riga an shigar da cinikin wata guda.

'Yar Gwale: Django ba zai bari ka liƙa through a kan tsohon kai tsaye ba. Gina sabon tebur, kwashe layukan, sannan ka cire tsohon. Adadin kuwa sai ka zauna da Alhaji da littafinsa.