Sakin Layi a Zaman Ƙungiya: Yaya Kuka Yi da Shi a Taku?

Mai kiwon tattabaru:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar masu sha'awar abu ɗaya ya faɗa mini yadda suka yi da matsalar sakin layi, domin ta shiga tsakanina da dattijon da ya koya mini kiwo. Mukan haɗu sau ɗaya a wata mu tattauna lafiyar tsuntsayenmu, amma tun da kakar zaɓe ta kama, zaman ya koma na siyasa. A haɗuwar da ta wuce wani matashi ya zo da ɗan shila a cikin kwali, ya zauna a bakin ƙofa yana jiran a ba shi dama. Da na buɗe bakin ɗan shilar sai na ga wani abu rawaya mai kauri ya kusa toshe masa maƙogwaro, cutar nan da iyaye kan sa wa 'ya'yansu wajen ciyarwa baki da baki, wadda kuma take bin ruwan sha ta kama sauran. Wanda ya fi kowa sanin maganinta shi ne dattijon nan, kuma shi ne yake riƙe da bakin maganar zaɓe fiye da sa'a guda. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a gaban kowa na ce, "Baba, ba wannan ya tara mu ba." Bai ce mini uffan ba, ya miƙe ya sa takalminsa ya fita, kuma har yau bai ɗauki wayata ba. Matashin ma bai sake dawowa ba.

Mai kallon taurari:

Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin abubuwa biyu ne suka haɗe maka, kuma mun sha wuya kafin mu raba su a ƙungiyarmu. Akwai saɓa ladabin da ke ɓata ainihin abin da aka zo yi, akwai kuma hirar da kawai take gundurar wasu. Idon mutum yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya iya ganin taurari masu dishi-dishi, kuma farin haske na ɗan lokaci kaɗan yana rushe wannan shiri, shi ya sa masu kallon sama ko'ina suke amfani da jar tocila. Wani dare mun saita madubin hangen nesa a kan Mushtari, wato Jupiter, watanninsa huɗu sun jeru a gefensa, yara suna bin layi, sai wani ya kunna wayarsa da cikakken haske domin ya nuna mana bidiyon wani ɗan siyasa. Nan take aka kwaɓe shi, kuma ba wanda ya ga laifin kwaɓar, domin ya cuci idon kowa. Amma da wani daga cikinmu ya nemi a hana duk wata magana da ba ta sama ba, har gaisuwa da tambayar iyali, sai muka ƙi. Abin da muka ɗauka shi ne tsarin waɗansu masana da suka riƙa haɗuwa a Landan wajen 1645, lokacin yaƙin basasar Ingila. John Wallis, wanda yake cikinsu, ya rubuta cewa sun ajiye muhawarar addini da al'amuran mulki a gefe domin su tattauna binciken halitta, kuma haɗuwar tasu tana cikin abubuwan da suka share fagen kafa Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, a 1660. Abu biyu kacal suka ware, waɗanda suka san za su raba kansu, ba su ɗaure bakin kowa a kan sauran ba.

Mai saƙa da kwarashi:

Malam mai tattabaru, ka yi haƙuri, ni zan kawo ɗaya gefen, domin na ga yadda tsananin doka ya kusa kashe ƙungiya. Saƙa aikin hannu ce, baki yana sake, kuma a tsakanin ƙirga idon saƙa da canja zare ne muke sanin halin da kowace take ciki. Wata 'yar'uwarmu ta yi makonni tana saƙa hula ɗaya tana warwarewa, muna zaton ƙirga ce take kuskurewa, sai ranar da hira ta zaga ta faɗa mana cewa maigidanta yana kwance a asibiti, kuma zaman nan ne kaɗai inda take samun numfashi. Da an bi ƙa'idar da sakatariyarmu ta kawo daga baya, wadda ta ce duk maganar da ba ta zare da kwarashi ba a bari sai an tashi, da ba mu taɓa ji ba.

Asalin abin da ya sa aka kawo ƙa'idar kuwa mace ɗaya ce, wadda take mayar da kowane zama kasuwa, ta baje hajarta a kan teburin da muke aiki, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da talla. Saboda tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ba wadda ta iya tunkararta, sai aka bar jaki ana dukan taiki. Ita ta ci gaba da tallarta kamar dokar ba ta shafe ta ba, sababbin shiga kuwa su ake yi wa tsawa idan sun yi kuskuren ambaton makarantar 'ya'yansu. Waɗanda aka tsawatar ba su yi gardama ba, ɗauke ƙafa kawai suka yi, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin mai tafiya shiru ba ya barin dalili a baya da za a gyara. Sai da biyu daga cikinmu muka same ta a gida, muka yi mata magana da girmamawa, aka ware mata minti goma na ƙarshen zama, sannan aka soke dokar.

Mai rediyon 'yan sha'awa:

A wajenmu, mu masu hira da juna ta na'urar rediyo don sha'awa kawai, mita ɗaya ba ta ɗaukar bakuna biyu a lokaci guda, saboda haka wanda ya riƙe makirfo ya toshe kowa har sai ya saki. Dokokin rediyo na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, sun ce ba a yin wannan harka don neman kuɗi, don haka talla ba ta da wuri tun daga tushe, amma sashe na 25 ya bar ƙofa ga maganganun da suka shafi mutum kansa. Nisantar siyasa kuwa al'ada ce da muka gada. Na taɓa jagorantar zaman dare inda wani tsohon hannu ya shiga sukar gwamnati, har na'urar da ke ƙara wa muryoyinmu nisa ta yanke shi da kanta, domin galibi ana saita ta ta katse wanda ya wuce minti uku. Da ya dawo, ban ce ya yi laifi ba. Na gode masa, na ce akwai sabon shiga da eriyarsa take ba shi matsala, kuma ba wanda ya kai shi sanin wannan. Ya kwashe sauran zaman yana koya wa yaron auna tsawon wayar eriya.

Mai kiwon tattabaru:

Na gode muku ƙwarai. Hajiya, maganarki ta waɗanda suke tafiya shiru ta tsaya mini a rai, kuma bayanin Malam mai rediyo ya nuna mini abin da ya kamata in yi ranar, wato in ɗauki kwalin nan in ajiye a gaban Baba in ce ya duba mana, domin na san shi, ba zai ga ɗan shila a wannan hali ya ci gaba da wata magana ba. Jiya na samo lambar matashin. Ɗan shilar ya mutu, amma ɗan'uwansa yana nan, kuma ya fara ƙin cin abinci. Na ce ya ware shi, ya wanke mazubin ruwan sauran, kuma gobe da safe zan biya in ɗauke shi da tsuntsun mu tafi gidan Baba tare.