Neman kalmar Hausa: me za mu kira "leaching" a maganar bututun ruwan sha?

Jama'ar Katsina, ga wata kalma da ke neman suna. A Turai idan bututun ruwa ya tsufa ya yi tsatsa, ba kullum ake fasa bango a sauya shi ba. Kankare cikinsa ake yi, a fesa masa wani gam da ake kira ifoksi, ɗan'uwan Araldite ɗin nan mai tagwayen mazubi da ake kwaɓawa kafin a liƙa abu. Wannan aikin bai ba mu wahala ba, shafen ciki muka ce, aka wuce.

Inda gizo ke saƙa, ana haɗa ifoksi ne da sinadarin BPA, wanda a jikin mutum yake kwaikwayon istirojin, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata. Idan ba a kwaɓa gam ɗin daidai ba, ko aka saki ruwa bai gama ƙamewa ba, sai BPA ya riƙa fita daga shafen yana shiga ruwa kaɗan-kaɗan. Wannan fitar ita ce "leaching". Saboda ita Suwidin ta haramta ifoksi mai BPA a shafen bututun ruwan sha tun 2016, Tarayyar Turai kuma a dokarta ta 2020 ta ƙayyade kada BPA ya wuce maikrogiram 2.5 a kowace litar ruwan sha.

Wani ya ce yoyo. A'a. Ka ce wa mai gida bututunsa na yoyo, bango zai je dubawa, in ya gan shi a bushe ya ce lafiya lau. Tsiyaya ma haka, ana ganinta da ido. Wani malamin kimiyya ya kawo naso, na kuma so ta, sai dai naso waje yake yi, mu kuma abinmu cikin ruwa yake komawa. Jiƙo kuwa da gangan ake yin sa don magani, kada a sa mutane su ɗauka alheri ne.

Sai wata Hajiya mai sayar da atamfa ta turo saƙo: "Malam, ai wannan zuba ce." Na ce Hajiya, ranki ya daɗe, kin gama magana. Atamfa mai zuba ba ta yage ba, ba ta huje ba, amma ruwan da aka tsoma ta ya ɗauki abin da ke jikinta. Sabuwa ta fi zuba, mai arha ta fi zuba, ruwan zafi kuma ya fi fitar da rinin. Haka shafen yake, don a binciken Suwidin a famfon ruwan zafi aka fi samun BPA. Mu nan kuwa, wanda ya taɓa buɗe famfo da azahar a watan Afrilu, bayan baƙin tanki ya wuni a rana, ya san ba mu da famfon sanyi. Ko daga madatsar Ajiwa ruwan ya taso, ko daga burtsatsen gida, da ɗuminsa yake isowa.

Wani dattijo mai gyaran famfo a Ƙofar Ƙaura ya ja hankalina: "Ɗana, in ka ce bututu na zuba, yoyo za a fahimta." Gaskiyar Baba. Don haka kada a jingina kalmar ga bututu. A ce shafen yana zuba, ko gam ɗin yana zuba, sunan abin kuma zubar sinadari. Bambanci ɗaya da atamfa, wannan zubar ba ta sauya launin ruwa, sai a ɗakin gwaji ake gano ta. Kalmar za ta yi wa dalma aiki ita ma, don ita ma tana shiga ruwa ta haka; ma'aunin ruwan sha na SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, ya tsayar da ita a miligiram 0.01 a lita.

Mai wata kalmar ya kawo, amma ya zo da ita cikin jimlar da mai shela a rediyo zai iya karantawa, kamar haka: an hana shafa wa bututu ko tankin ruwan sha duk wani gam mai zubar sinadari.