Musayar Waƙa Kan Bayanin Kayan Aikin Wakili

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Kamfanin Anthropic ya fito da MCP a Nuwamban 2024, wato ƙa'idar haɗa ƙirƙirarriyar basira da kayan aiki. A MCP, duk kayan aikin da za ka miƙa wa wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke yin aiki a madadinka, yana zuwa da suna, da bayani, da tsarin abin da yake karɓa, wanda ake rubutawa da JSON, wani salon tsara bayanai na kwamfuta. Wakilin ba ya ganin abin da ke cikin injin, bayanin kaɗai yake karantawa. Bismillah:

Da sunan Ta'ala Azimun Gwani,
Batun nan na yau kan rubutun bayani.
Wakili ba ya leƙa cikin injinka,
Abin da ka rubuta shi zai gani.
Ka ce masa "nemo", ka ja bakinka,
Ya nemo wa? Me? A wane zamani?
Jimla uku ko huɗu, ba shi haƙƙinsa,
Guntun bayani ba shi da amfani.

Bazazzagiya:
Yaya Ɗan Kurmi, zancenka ya yi yawa,
Kamar mai tallan magani a kasuwa.
Kayan aiki hamsin, kowa da shafinsa,
Wakili ya ruɗe tun kafin farawa.
Kowace kalma kuɗi ake biya mata,
Kai dai rubutu kake ta zubawa.

Bakatsine: Kai! Hajiya ta sauke masa kwando. Allah ya ƙara basira.

Ɗan Kurmi:
Ƙanwata, tsaya ki ji labari,
Wani ya rubuta "adadi" kawai a gurbin kuɗi ya wuce da sauri.
Injin da kobo yake ƙidaya,
Wakili naira ya ɗauka tun fari.
Dubu biyar aka ce ya aika,
Naira hamsin ta isa gari.
Kalma guda da ta tare ɓarnar,
Ita kike kira almubazzari?

Maman Sadik: Kano ta yi magana, sauran sai sauraro!

Bakatsine: Wace Kano? Ku dai kun iya taron dangi.

Bazazzagiya:
Ai ka kawo hujjar da ta kashe ka,
Kobo kalma ɗaya ce, ba shafinka.
Sa wa gurbin suna "adadin kobo",
Ka ce lamba ce, a tsarin JSON ɗinka.
Suna mai kyau ya ɗauke rabin aiki,
Ka adana sauran wa'azinka.

Malam Na-Arulli: Ku dakata. Ɗan Kurmi, baitinka na farko a baharin Mutaƙarab, wato ɗaya daga ma'aunan waƙa, ya zauna daram, na ji daɗinsa. Amma ɗangon nan na "adadi" ya karye, ya yi tsawon ɗango biyu. Kuma almubazzari mutum ne, ba a kiran kalma da shi. Amsa-amo ne ya ja ka.

Ɗan Kurmi: Allah gafarta Malam, ni da kunne nake aunawa. Makaɗan baka ba su san Mutaƙarab ba, kuma waƙarsu ba ta faɗi ba.

Malam Na-Arulli: Su suna da kalangu yana riƙe musu kari. Kai me ke riƙe maka? Rubutacciyar waƙa ma'auninta a cikinta yake.

Maman Sadik: Malam, na Bazazzagiya fa? "Tsarin JSON ɗinka" a wane bahari yake? Ko don 'yar garinku ce?

Malam Na-Arulli: Nata ma ya yi ɗingishi, zan zo kansa.

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri, intanet ɗinmu ya yanke tun jiya, sai yanzu na ga abin da ake ciki.

Ku biyun kun bar hanya, 'yan uwana,
Tsawo da gajarta ba su ne mizanina.
Ku ba wakili aiki na gaske,
Ku bi sawunsa, can ne ake aunawa a wurina.
Kaya biyu masu kama da juna,
Wanne ya ɗauka? Shi ne tambayata ta kullum rana.
Ka ce masa 03/04, bai san tsari ba,
Maris a Amurka, Afrilu a garina.
In ya yi kuskure, me injin ya ce masa?
"An samu matsala" ba ta gyara kowa, ɗan uwana.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin, mai amfani bai gani ba, wakilin ya karanta ya bi, har ya fitar da bayanan sirri. Duk mai auna bayani ya karanta shi gaba ɗaya, ba layin farko kawai ba.

Bazazzagiya:
Baban Damagaram, na sara maka,
Gwaji na yarda, kawo ma'auninka.
Yaya Ɗan Kurmi, turo dogon naka,
In turo guntun nawa ya kara da naka.
Aiki ɗaya, wakili ɗaya, a gwada,
Sai mu ga wanda zai aika hamsin ɗinka.

Ɗan Kurmi: Na karɓa. Amma Ɗan Damagaram ne alƙali, ba Bakatsine ba.

Malam Na-Arulli: Ɗan Damagaram, ɗangonka na shida ma ya zarce. Cire "ta kullum rana" ka sake ɗaura amsa-amon, sannan mu koma kan na Bazazzagiya.