Mene ne amfanin hasken leza da ake harbawa sama?

Ɗalibi daga Agege:
Assalamu alaikum. Na ga hoton wata cibiyar nazarin taurari da ke ƙasar Chile, inda wani siririn haske mai ruwan ɗorawa ya fito daga na'urar hangen nesa ya miƙe sama kamar sanda. Abin ya tsaya mini a rai, domin taurari suna da nasu hasken, kuma ban ga yadda fitilar mutum za ta kai gare su ba. Ina roƙon masana su fayyace mana.

Malamin kimiyya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ba taurarin ake haskawa ba. Iskar da ta lulluɓe duniya kullum cikin motsi take, ita ce ke dusashe hoton tauraro, kamar yadda mota mai nisa ke rawa a ido idan rana ta take a titin Ikorodu. A kimanin kilomita 90 sama akwai shimfiɗar sinadarin sodiyam, wanda idan leza, wato siririn hasken nan da ka gani, ta same shi sai ya yi haske tamkar ɗan tauraro. Na'ura tana auna yadda iska ke jirkita wannan ɗigon, kwamfuta kuma ta riƙa lanƙwasa wani siririn madubi sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, har hoton tauraron gaske ya fito tas.

Malama daga Mile 12:
Ƙari a kan bayanin Malam, a 1969 'yan sama jannatin Apollo 11 sun ajiye madubi a doron wata, kuma har yau ana harba masa leza. Hasken yana zuwa ya dawo cikin kusan daƙiƙa biyu da rabi, kuma da wannan awon aka gano cewa wata yana nisantar mu da santimita 3.8 kowace shekara. Wannan ne ya fi burge ni.

Mai ɗaura dish, Obalende:
Malam, na ji cewa taurarin ɗan'adam na Starlink, masu samar da intanet, suna miƙa wa junansu saƙo da leza. Shin za a iya sauko mana da ita, mu huta da ɗaukewar hoto duk lokacin da ruwan Legas ya kece?

Malamin kimiyya, Idi-Araba:
Malam, can sama babu gajimare, shi ya sa take aiki a tsakaninsu. Hadari mai kauri ya fi tare leza fiye da yadda yake tare zangon rediyo, don haka tashoshin karɓarta a ƙasa ake gina su a kan tsaunuka da busassun wurare. A daminar Legas, dish ɗinka ya fi ta juriya.