Ƙirga kalori: yana rage ƙiba ko wahalar banza ce?

Sadiya: Salamu alaikum 'yan uwa. Yaya Kabiru, jiya a gidan Gwaggo ka ce ƙirga kalorin da nake yi, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wahalar banza ce, hayaniyar yara ta hana ni ba ka amsa. Tun bayan babbar salla nake rubuta duk abin da na ci a manhajar waya, kuma kayan da suka matse ni bara yanzu suna shiga lafiya lau. In banza ce, me ya rage min jiki?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Ban musa cewa kin ragu ba, ƙanwata, kowa ya gani. Abin da na ce shi ne lambobin da kike tarawa ba su da tabbas. Lissafin da ake bugawa a bayan kwalin biskit ya samo asali ne daga wani masanin kimiyya Ba'amurke, Wilbur Atwater, tun ƙarshen ƙarni na 19. Daga aikinsa aka samo cewa giram ɗaya na sitaci ko suga kalori 4 ne, na furotin 4, na mai 9. Tsaka-tsaki ne kawai aka ɗauka. A 2012 masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka sun gwada 'ya'yan almon, suka ga giram 28 da ake rubuta masa kalori kusan 170, jiki 129 kaɗai yake amfana da su, sauran fita suke yi a bayan gida. Ga shi kuma doka a Amurka ta yarda abin da ke cikin kwali ya zarce abin da aka rubuta da kashi 20 cikin 100. An rubuta 200, kin ci 240, ke kuma kin shigar da 200 a waya hankalinki kwance.

Nura: Yaya, ni ai agogon hannuna na nuna min abin da na ƙona in na fita gudu. Sai in cire shi daga abin da na ci.

Kabiru: Naka ma ya fi muni, Nura. A 2017 jami'ar Stanford ta gwada irin waɗannan agogunan guda bakwai. A bugun zuciya yawancinsu sun yi daidai. A kalori kuwa, wanda ya fi kyau ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe da kashi 93. Kada ka ƙara faranti saboda agogo ya ce ka ƙona 600.

Anti Rabi: Ni tambayata daban ce. Tukunya ɗaya nake ɗorawa ta mutum goma. Miyar kuka ce yau, na zuba mai, daddawa, nama, busasshen kifi. Ta yaya zan san rabon Sadiya a ciki in ta zo? Malmalar tuwon da nake kwasa da marata ba ɗaya take da ta Gwaggo ba, tata ta kusa biyun tawa. Yara kuma a tire ɗaya suke ci. Wannan lissafi na mutanen da ke cin abincin leda ne, kowa da nasa.

Sadiya: Anti, ina da ƙaramin sikelin kicin. Tuwo da shinkafa ina aunawa kafin in ci. Miya ce nake kimantawa.

Anti Rabi: To ai miyar ce mai man.

Amina: Barkanku da yamma. Yanzu na taso daga aiki na tarar da zancen, kuma wannan shi ne abin da nake yi kullum da masu ciwon suga da hawan jini, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Kabiru, duk binciken da ka kawo gaskiya ne, amma hukuncin da ka yanke ban yarda da shi ba. Babban kuskuren lissafi ba a jikin kwali yake ba, a tunanin mai ci yake. A 1992 an buga wani bincike da aka yi a birnin New York a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine. Mutane ne masu ƙiba da suka ce ba sa wuce kalori 1,200 a rana amma sun kasa raguwa. Da aka auna su da kyau, sai aka ga abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100, motsa jikin da suke cewa suna yi kuma sun ƙara masa kashi 51. Kusan rabin abincinsu ba ya cikin lissafinsu. Kuma ba ƙarya suke yi da gangan ba, mantuwa ce da rashin lura.

Ina ganin wannan da idona. Mace za ta zauna gabana ta rantse ba ta cin komai, sai shayi da safe da ɗan tuwo da dare. Sai in ce ta haɗa min shayin da baki. Babban kofi ne, suga cokali uku, madarar gwangwani, Milo cokali biyu, ga burodi da bota. Da rana tana girki ta ɗanɗana, ta tsinci nama biyu. Yaro ya rage taliya, ba ta son a zubar, ta ƙarasa. Ga kwalbar gyaɗa a gefen gado, giram 100 nata ya haura kalori 550. Ga zoɓo mai sanyi bayan la'asar. Duk waɗannan a wurinta ba abinci ba ne, tunda ba ta zauna da faranti ba. Ranar da ta fara rubutawa a lokacin da take ci, ranar take ganinsu. Wannan shi ne amfanin abin da Sadiya take yi. Mudun da ya ɗan gaza, in dai da shi kike awo kullum, za ki san ranar da kika ƙara hatsi.

Kabiru: Da a ce kuskuren iri ɗaya ne kullum, da na yarda da ke. Amma yau miyar Anti Rabi mai ya yi yawa, gobe ya yi kaɗan, jibi a gidan biki aka ci. Sannan akwai abin da ya fi damuna, wato alƙawarin da manhajar take yi. Tana cewa ki rage 500 a rana, za ki zubar da kusan rabin kilo duk mako. Wannan lissafin wani likita ne, Max Wishnofsky, a 1958, cewa kilo ɗaya na kitse kalori kusan 7,700 ne. An ɗauka jiki zai tsaya cak yana kallo ana rage masa abinci. Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta Amurka ya nuna a 2011 cewa ba haka ba ne: jiki na raguwa, abin da yake ƙonawa ma na raguwa, har a kai inda sikeli zai daina motsi. A 2016 shi da abokan aikinsa sun bi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. Bayan shekara 6 yawancinsu ƙibar ta dawo, kuma jikinsu na ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ya kamata ga mai girmansu. Wanda bai san wannan ba, in sikeli ya tsaya sai ya zargi kansa, ya ƙara matse ciki.

Amina: Wannan na ba ka. Alƙawarin rabin kilo duk mako har abada ba gaskiya ba ne, ni ma ina gaya wa marasa lafiyata kada su dogara da shi.

Kabiru: Saura ɗaya. A 2018 an buga binciken Christopher Gardner na Stanford, mutum 609, shekara guda. An raba su biyu, wasu su rage mai, wasu su rage sitaci. Ba a ba kowa adadin kalorin da zai tsaya a kai ba. Sun zubar da kilo 5 zuwa 6 a tsaka-tsaki.

Amina: Ka ƙarasa labarin mana. An ce musu su yanke suga da farar fulawa, su yawaita ganye, su riƙa girki a gida, kuma sun yi zama 22 da masana abinci a cikin shekarar. Da aka duba, sun rage kusan kalori 500 a rana. Kalorin dai ne ya sauka. Sadiya ba ta da mai zama da ita sau 22, waya da sikeli take da su.

Kabiru: To ai maganata ke nan. Ya sauka ba tare da an ƙirga ba.

Kawu Sale: Yara, ina karantawa. Mu da muka taso a ƙauye ba mu san kalori ba, kuma mai tumbi a garinmu ana iya ƙirga su da yatsu. Fura da rana, tuwon dawa da dare, sai gona. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya koya mana a kasa ciki uku, na abinci, na ruwa, na numfashi. Ni abin da na gani ya canja shi ne abincin kansa. Yanzu yaro ya tashi da taliyar leda, ya kora da lemon kwalba.

Amina: Allah ya ƙara lafiya, Kawu. Maganarka akwai bincike a kanta. A 2019 Kevin Hall ɗin nan ya ajiye mutum 20 a asibitin cibiyarsu wata guda. Mako biyu ana ba su abincin kamfani da aka sarrafa sosai, mako biyu abincin da ba a sarrafa ba, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun ci ƙarin kalori kusan 500 a rana, sun ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗayan kuma suka rage kusan haka. Sai dai Kawu, kashi ɗaya cikin uku na ciki in ƙosai ne da soyayyen dankali, ba ɗaya yake da na dafaffen wake da zogale ba. Shi ya sa mutane da yawa ke gama azumi ba su ragu da abin kirki ba, ɗan abin da ya zube ma ya dawo bayan salla. Man da ke teburin buɗa baki ne.

Zainab: Ni ina tare da Yaya Kabiru, amma dalilina daban. Akwai wata ƙawata da ta fara wannan ƙirgar kafin bikinta. Ta sa wa kanta 800 a rana. In an kawo abinci a taro ba ta ci, saboda ba ta san lambarsa ba. In ta wuce da 50 sai ta kwana tana kuka, washegari ta ƙi karyawa. Jiri ya riƙa ɗibanta, gashinta na zuba, al'adarta ta rikice. Har yau ba ta kallon faranti sai da fargaba. Sadiya, don Allah ki kula da kanki.

Sadiya: Na gode Zainab, Allah ya ba ta lafiya. Ni ba na sauka ƙasa da 1,700, kuma in na je biki ina cin abin da aka ba ni.

Amina: Zainab, abin da kika faɗa ciwo ne na gaske, ki taimaka ki kai ta ta ga likita, kada a bar shi a matsayin tsurfa. Wanda lamba ta fara hana shi barci ya ajiye ƙirga nan take. Haka mai ciki, mai shayarwa da yaran da ke tasowa, ba nasu ba ne. Kawu, kai ma da kake shan maganin suga, kada ka rage abinci da kanka ba tare da likitanka ya duba maganin ba, suga na iya faɗuwa ƙasa ya kayar da mutum.

Kawu Sale: Na ji, 'yata. Allah ya yi albarka.

Anti Rabi: Har yanzu ba wanda ya amsa min zancen tukunyata.

Amina: Anti Rabi, naki ya fi na kowa sauƙi. Ki bar faranti, ki duba galan. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori kusan 120 ne, lita ɗaya ta haura 8,000. Galan mai lita 5 ke nan ya kai 40,000. Kwana nawa yake yi miki?

Anti Rabi: Mako biyu, in ba a yi baƙi ba. In an yi suyar awara ko waina ma bai kai.

Amina: To mutum goma, kwana 14, kowa na shan kusan kalori 300 a rana daga mai kaɗai, kuma manya sun fi yara samu. In kika ajiye ludayi kika koma auna mai da cokali har galan ya kai mako uku, kin rage wa kowa kusan 100 a rana, ba wanda ya auna tuwonsa. Haka za ki yi da suga, ki lura kwana nawa kwali ko mudu yake yi. Sadiya, ke kuma da kike neman lambobin abincinmu, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019. Akwai gero, dawa, kuka da manja a ciki. Ya fi abin da wani ya shigar a manhaja da ka.

Kabiru: Wannan na galan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin abu ɗaya ake aunawa kuma awon na gaskiya ne. Amma tambayata ga Sadiya tana nan. Za ki yi ta auna malmala har tsufa? Ranar da kika gaji kika ajiye wayar, me zai riƙe ki?

Sadiya: Abin da na koya ne zai riƙe ni, Yaya. Da ban san lemon kwalba babba ɗaya ya kai kalori 200 ba, ina shan biyu a rana kamar ruwa. Yanzu ko ba sikeli, in na kalli shinkafa a faranti na san ta yi yawa ko ba ta yi ba.

Amina: Ni ma ba na sa kowa ya yi ta ƙirga har abada. Mako uku ko huɗu nake cewa a rubuta komai, mu zauna mu ga inda yake shiga, mu zaɓi abu biyu ko uku da za a gyara. Daga nan sai a hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo. In nauyi ya fara hawa makonni a jere, a koma rubutu na ɗan lokaci.

Kabiru: In haka ne, ki gaya musu su rubuta sunan abincin da yawansa kawai, kofi nawa, cokali nawa, malmala nawa. Matar da kika ba mu labarinta ba lamba ce ta tona mata shayinta ba, lissafa kayan haɗin ne. Lambar da manhaja za ta liƙa a gefe, ni har yanzu ban ga abin da ta ƙara ba.

Sadiya: Ta ƙara min sanin cewa kwanon gyaɗa ya fi malmalar tuwo yawan kalori. Da suna kaɗai nake rubutawa, da tuwon zan rage in bar gyaɗar.